Shirun Na'ura da Alhakin Mai Saita Ta

A manyan gine-gine na zamani, irin su asibitoci da ɗakunan bincike da rumbunan ajiye magani, akwai wata na'ura da yawancin masu shiga da fita ba su san da zamanta ba. Tana zaune cikin akwatin ƙarfe a ɗakin injina. Wayoyi suna shigo mata daga ma'aunan zafi da sanyi da na matsin ruwa, wasu suna fita daga gare ta zuwa famfuna da fankoki da injinan sanyaya ɗakuna. Aikinta na kullum shi ne ta kunna wannan ta kashe wancan bisa ƙa'idar da aka tsara mata. Amma an ɗora mata aiki na biyu wanda ya fi na farko nauyi: idan wani abu ya ɓaci da tsakar dare, ginin ba kowa, ita ce za ta kira mutum. Shekaru masu yawa, musamman a Amurka da Turai, hanyar kiran ita ce layin tarho da modem da feja, wato 'yar na'urar nan da likitoci da injiniyoyi ke maƙalawa a ƙugu, ta yi ƙara ta nuna lamba ko gajeren saƙo. Da yawa daga cikinmu ba su ji sunanta ba sai a watan Satumba na 2024, da dubbanta suka tarwatse a Lebanon, alhali ta daɗe tana tada masu aikin gaggawa daga barci. To idan na'urar ginin ta kasa kira, aka yi asarar dukiya ko rai, wa ke ɗauke da alhakin? Abin da nake gani shi ne alhakin bai koma kan na'ura ba, bai kuma bi iska ba. Lokacinsa ne ya sauya. Ya tashi daga daren da abin ya auku ya koma ranar da wani ya zauna da kwamfuta a gaban akwatin yana cike guraben saiti.

Sai an san abin da ake cikewa a guraben nan kafin a ga nauyinsa. Na'urar tana da kafofi da take magana ta cikinsu, kowace da irin halinta. Akwai RS-485, wadda ke haɗa ta da ƙananan na'urori a faɗin ginin, waya ce a murɗe da za ta iya tafiyar kusan mita 1,200, kuma a kanta harsunan injina irin su Modbus na 1979 da BACnet na 1995 kan gudana. Akwai RS-232, wadda ba ta wuce kimanin mita 15, ita aka saba jona wa modem ko kwamfutar mai gyara. Kowace kafa sai an gaya mata aikinta, an gaya mata saurin da za ta yi magana da shi, 1200 ne ko 2400 ko 9600, an gaya mata ɗigo nawa ke cikin kowane harafi, da ko za a ƙara ɗigon tantancewa, da inda harafi ke ƙarewa. Dole ɓangarorin biyu su zo daidai. Kayan aiki da yawa suna fitowa daga masana'anta da saitin ɗigo 8 babu tantancewa, alhali tsarin TAP, wanda kamfanonin feja suka daɗe suna karɓar saƙon rubutu da shi, bisa al'ada ɗigo 7 yake so tare da tantancewa. Wanda ya bar saitin yadda ya tarar, modem ɗinsa zai buga, can ma za a ɗaga, amma maganar ba za ta ƙullu ba, sai layin ya katse. Ba hayaƙi, ba ƙauri. Fankoki na juyawa, sanyi na busawa, kowa a ginin yana ganin lafiya lau ake.

Lambar da ake bugawa ma tana da nata tarkon. Tun daga modem ɗin Hayes na 1981, umarnin bugawa da ATDT yake farawa, lambobi su biyo baya. Idan layin ya bi ta akwatin rarraba kira na ofis, sau da yawa sai an sa 9 a gaba kafin a samu layin waje. Waƙafi ɗaya a cikin jerin yana nufin a dakata daƙiƙa 2. Ga fejar da lamba kawai take nunawa, modem ba ya fahimtar abin da ake faɗa masa daga can. Lambar kamfanin zai buga, ya ƙirga waƙafan da aka jera masa, sannan ya zuba lambobin saƙon, ko an shirya karɓa ko ba a shirya ba. In waƙafan sun yi kaɗan, lambobin za su zube a kan gaisuwar da aka naɗa su tafi a banza. In sun yi yawa, kamfanin zai gaji da jira ya ajiye layi. Ba mai iya sanin adadin da ya dace sai wanda ya ɗaga tarho ya buga da hannunsa ya saurara yana duban agogo. Ko a tsarin TAP, inda kamfanin ke mayar da alamar ya karɓa, abin da alamar ke tabbatarwa kawai shi ne saƙo ya shiga kwamfutarsu. Fejar gargajiya karɓa take yi, ba ta mayar da amsa. Ko batirinta ya mutu, ko mai ita yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda sigina ba ta kai, ko ya bar aiki tun bara an manta ba a cire lambarsa ba, na'urar ginin za ta rubuta a kundinta cewa an aika. Kamar ɗan aike ne da ya je ya faɗa wa rufaffen ƙyaure saƙo, ya dawo ya ce ya isar.

A nan ne maganar ta wuce sana'ar injiniya. Duk tsarin da aka gina a kan alkawarin za a kira ka in akwai matsala, ya mayar da shiru labari. Injiniyan da ya kwana fejarsa ba ta yi ƙara ba yana tashi da yaƙinin gini lafiya yake. Amma shirun nan iri biyu ne, kuma daga kan gado ba a bambance su: akwai shirun babu abin faɗa, akwai shirun mai faɗar ya mutu. Ɗan Adam na farkon zai ɗauka, domin shi ya fi yawa, shi kuma ya fi daɗin ji. Ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, wani bawul ya buɗe ya ƙi rufewa, ruwan da ke sanyaya injin ya yi ta fita fiye da awa 2. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu kamar ya rufe, saboda an haɗa ta ne da umarnin da aka aika wa bawul ɗin maimakon halin da bawul ɗin ke ciki. Ranar 14 ga Agusta 2003 kuma, manhajar ƙararrawa a ɗakin kula na kamfanin FirstEnergy a jihar Ohio ta daskare ba tare da ta sanar da kowa ba. Fiye da awa guda ma'aikata ba su san ƙararrawarsu ta mutu ba, layukan lantarki suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har mutane kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta. Abin da ya haɗa waɗannan da waƙafin feja guda ne: an ɗauki aikawa a bakin isarwa, an ɗauki rashin labari a bakin labarin alheri.

Misalin da ya fi kusa da maganarmu shi ne na cibiyar taimakon haihuwa ta University Hospitals a yankin Cleveland, shi ma a Ohio. A daren Asabar 3 ga Maris 2018, zafi ya fara hauhawa a cikin wani tanki na ruwan naitirojin da ake ajiye ƙwayayen mata da 'yan tayi a daskare. Ɗakin ba kowa, domin ƙarshen mako ne. Akwai ƙararrawa ta cikin ɗaki, kuma tana kuka da ma'aikata suka iso da safe. Akwai ta biyu, wadda aikinta shi ne ta sanar da ma'aikaci a gida, ita ce aka tarar a kashe. Asibitin da kansa ya rubuta wa mutanen da abin ya shafa, kusan 950, cewa ƙwayaye da 'yan tayi fiye da 4,000 sun lalace, kuma bai san wanda ya kashe ƙararrawar ba, bai san tun yaushe take a kashe ba. Wannan jumlar ta ƙarshe ta fi komai tada hankali. Rashin sanin tun yaushe yana nufin akwai darare da ba a san yawansu ba waɗanda ma'aikata suka kwana a cikinsu da natsuwa, natsuwar da ba ta da tushe ko kaɗan, kuma ba abin da ya raba waɗancan darare da wannan sai dai tankin bai gaza a cikinsu ba. Ma'aikacin da ke barci a daren Asabar bai yi wani abu dabam da abin da ya yi a Asabar ɗin da ta gabata ba. Wanda ke neman inda laifi yake, ba cikin daren zai same shi ba.

Fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ya daɗe da sanin wannan, ko da yake bai san modem ba. Tushen farko shi ne abin da ba shi da hankali ba a ɗora masa hukunci. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba tsaron gida biyu: masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Ba a tuhumi taguwa ba. An tambaya ne wa ya kamata ya ɗaure ta kafin ya kwanta. Tushe na biyu shi ne mai barci ba a rubuta masa zunubi. In aka haɗa biyun, na'ura ba ta da laifi, injiniya mai barci ba shi da laifi, sai a ga kamar asarar ba ta da uba. Labarin Bilal ne ke warware ƙullin. Malik da Muslim sun kawo cewa a hanyar dawowa daga Khaibar, ayari ya yada zango a ƙarshen dare, Annabi ya sa Bilal ya tsare musu alfijir. Bilal ya yi salla gwargwadon iko, ya jingina da abin hawansa yana fuskantar gabas, barci ya kwashe shi, ba wanda ya farka sai da rana ta taɓa su. Ba a hukunta kowa ba, aka matsa gaba aka rama salla. A ruwayar Abu Ƙatada game da irin wannan aukuwa, an bayyana cewa a farke ake yin sakaci, ba a barci ba. A kan haka malamai suka ce wanda lokacin salla ya shiga yana farke, ya san in ya kwanta ba zai tashi ba, bai kuma wakilta mai tada shi ba, laifinsa tun daga kwanciyar ya fara.

Abin lura shi ne an sa mai tsaro kafin a kwanta, kuma wanda aka sa mutum ne da aka sani, aka daɗe ana ganin aikinsa a kan alfijir. Shi ya sa gazawarsa ta zama uzuri ga kowa. Na'urar gini ta bambanta da Bilal ta fuska biyu, kuma duka biyun ƙara wa mai saiti nauyi suke yi. Bilal mutum ne da ke ɗaukar rabonsa na amana, ana iya tambayarsa ya ba da amsa. Modem ba ya ɗaukar komai, don haka amanar gaba ɗaya tana nan a wuyan wanda ya naɗa shi. Sannan amincin Bilal sananne ne, amincin sabon saiti kuwa ba wanda ya san shi sai an gwada. Naɗa mai gadin da ba a taɓa jin muryarsa ba bai kai matsayin naɗawa ba. Hukuncin ajiya ma nan ya nufa: wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, kuma ma'aunin sakaci shi ne barin abin da masu kula suka saba yi. Masu kula a wannan fanni sun riga sun faɗi abin da suka saba. Ƙa'idar ƙararrawar gobara ta Amurka, NFPA 72, ta daɗe tana wajabta wa na'urar da ke kira ta tarho ta aika saƙon gwaji aƙalla sau ɗaya a awa 24, daga baya aka matse tazarar zuwa awa 6. Hikimar a fili take. Idan ana jiran saƙon gwaji a lokaci sananne, rashin zuwansa ya zama ƙararrawa, shirun nan biyu sun rabu ke nan. Kuma ƙa'idar usulu sananniya ce, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. In tsare ajiya wajibi ne, kuma ba a sanin ana tsare ta sai da gwaji tun daga ma'auni har zuwa kunnen mutum, to gwajin ya shiga cikin wajibin.

Akwai wani hukuncin Malikiyya da ya dace a tuna da shi a nan, wato ɗora wa masu sana'a biyan abin da ya lalace a hannunsu cikin kayan da suka tafi da su inda mai kaya ba ya gani. Yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, kuma Shaɗibi ya kafa misali da shi a babin maslaha: mutane ba su da makawa sai sun ba maɗinki da marini kayansu, ba su kuma iya sa ido, in aka bar masu sana'a a kan cewarsu kawai dukiyar jama'a za ta tozarta. Mai saita na'ura bai ɗauki komai ya kai shagonsa ba, a gidan mai gini yake aiki. Amma illar hukuncin tana nan daram, domin shugaban asibiti ko da ya tsaya a kansa yana kallon allo, ba zai gane waƙafi huɗu ne daidai ko shida ba. Aikin a ɓoye yake ko da a gaban ido aka yi shi. Ba fatawa nake bayarwa a kan wa zai biya diyya ba, wannan na alƙalai ne. Abin da nake cewa shi ne inda mai haƙƙi ba ya iya dubawa, nauyin nuna cewa an kula yana komawa kan wanda ya iya.

Mai ja da wannan magana zai fara da ƙaddara. Zai ce na'ura na'ura ce, dole wata rana ta gaza, kuma akwai gazawar da ba hannun kowa a ginin. Gaskiyarsa. Ranar 19 ga Mayu 1998, tauraron ɗan Adam Galaxy IV ya juya baya ga duniya saboda lalacewar kwamfutarsa, mafi yawan fejojin Amurka suka mutu lokaci guda, likitoci suka koma kwana a asibiti. Injiniyan da ya daidaita kafofinsa, ya ƙirga waƙafansa, ya gwada, ba shi da abin da zai amsa a kan wannan dare. Hukuncinsa na ayarin Khaibar ne. Sai dai ƙaddara tana wanke wanda ya yi abin da ke hannunsa ne, kuma Annabi, da aka tambaye shi game da ɗaure raƙumi da dogaro ga Allah, ya umarci a haɗa biyun. Bugu da ƙari, uzurin ba-zata sau ɗaya yake aiki. Daga safiyar 20 ga Mayu 1998, duk mai sana'ar ya san hanya ɗaya tilo tana iya yankewa daga sama, saboda haka wanda ya ci gaba da jingina ajiya mai tsada a kan hanya ɗaya, babu layi na biyu, babu mutum na biyu, ba zai sake fakewa da tauraro ba. Abin da jiya ya kasance gaibu, yau ya shiga cikin abin da masu kula suka sani.

Mai ja na biyu ya fi wayo. Zai ce wannan mayar da ƙaramin aikin fasaha ne babin zunubi, kuma ƙarshensa waswasi, mutum ya kasa barci yana tunanin ɗigon tantancewa. Akwai abin dubawa a nan, domin addini bai zo don ya hana ma'aikaci hutawa ba. Amsar ita ce nauyin saiti yana bin darajar abin da ake tsarewa. Ƙararrawar da ke cewa ɗakin taro ya ɗan yi ɗumi ba ɗaya take da ta firjin jini ko ta rumbun allurar rigakafi ba, kuma kuskuren da ya kuɓuce wa mai kula bayan ya gwada ba zunubi ba ne. Abin zargi shi ne sananniyar gajeriyar hanya: a danna maɓallin gwaji, a ga allo ya ce an aika, a sa hannu a takardar miƙa aiki, a tafi ba tare da an tambayi mai feja ko ta yi ƙara ba. Wannan tambayar ba ta cin minti biyar. Kuma gwaji shi ne maganin waswasin da ake tsoro, tun da wanda saƙon gwajinsa ya iso da magariba yana da hujjar kwanciya.

Mai ja na uku daga ɗaya ɓangaren yake zuwa, kuma shi ne ya fi yi wa masu tsoron Allah kama da gaskiya. Zai ce tun da haka ne, a sa na'ura ta kira a kan komai, a jera duk lambobin da ake da su, kada wani abu ya wuce ba a faɗa ba. Wannan ma cin amana ne da ya sa rigar taka tsantsan. A matatar mai ta Milford Haven a Birtaniya, ranar 24 ga Yuli 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275 a cikin minti 11 na ƙarshe kafin fashewa. Ba kunnen da zai tsamo mai muhimmanci daga wannan ambaliya. A jami'ar Rensselaer ta jihar New York kuma, ƙarar da aka shigar a 2023 ta ce wani mai shara ya kashe wutar firiza a 2020 saboda kukan ƙararrawarta ya dame shi, binciken fiye da shekara 20 ya lalace. Fejar da ke tada mutum sau goma a dare a kan abin da zai iya jiran safiya tana koya masa ya daina kula ta, ranar da ta faɗi gaskiya ba zai tashi ba. Wanda ya aika komai, kansa yake karewa; yana tanadin abin da zai nuna a kundi ne ya ce ai na faɗa. Zaɓen abin da ya cancanci tada mai barci, da barin sauran zuwa safe, hukunci ne da mai saiti zai ɗauka da wuyansa, kuma mai barcin ma yana da haƙƙi a kansa.

Saura mai ja na huɗu, wanda ke cewa hannuwa sun yi yawa. Kamfani ya ƙera, ɗan kwangila ya girka, sashen tarho ya sauya lambar fita waje, ofishin ma'aikata ya sallami mai feja, ba wanda ya gaya wa wani. Dennis Thompson ya yi wa wannan matsala rubutu a 1980 game da jami'an gwamnati, Andreas Matthias kuma a 2004 ya yi magana a kan giɓin alhaki da na'urori masu koyo za su buɗe. Na biyun bai shafe mu ba, domin wannan na'ura ba ta koyon komai. Kowane waƙafi da yatsan da ya buga shi. Na farkon kuwa fiƙihu yana da amsarsa a babin farilla ta kifaya: in wasu sun yi ta sauka daga kan sauran, in ba wanda ya yi, duk wanda ya sani kuma yake da iko ya yi laifi. Yawan hannuwa ba ya raba alhaki ya zama ƙwayar da ba a gani. Sai dai kowa ya san abin da aka bar wa jama'a, kowa na zaton wani ya yi. Saƙon da ya tafi ga mutum shida lokaci guda yana iya samun masu juyawa su gyara kwanciya shida. Shi ya sa saitin kirki ke ayyana mutum ɗaya a kowane dare, ya jira amsarsa na wasu mintuna, in bai amsa ba ya wuce ga na biyu. Da zarar an ayyana, kifaya ta zama farilla a kan wanda aka ambata, kuma ayyanawar aikin mai gini ne da ba ya wakiltuwa ga ɗan kwangila.

Wani zai ce feja ta zama tarihi. Kamfanin ƙarshe a Japan ya rufe hidimarsa ga jama'a a ƙarshen Satumba 2019, kuma a shekarar ce gwamnatin Birtaniya ta umarci asibitocinta su rabu da ita in ban da aikin gaggawa. Amma abin da ya gaje ta ya gaji cutarta. A Disamba 2023, lokacin hutun Kirsimeti, naitirojin ya daina shiga tankuna 16 a cibiyar Karolinska ta Sweden har kwana 5, alhali kwana 4 suke iya jurewa, saƙonnin faɗakarwa na imel da na waya ba su kai ga masu su ba, samfuran binciken shekaru suka lalace. Inda dā ake mantawa da 9, yau layin waya ne kuɗinsa ya ƙare, ko kalmar sirri da aka sauya, ko saƙo da ya faɗa akwatin shara. A Birtaniya an tsayar da Janairu 2027 don rufe tsohon layin tarho, kuma ba kowane tsohon modem ke aiki a kan sabon ba. Na'urar da ba a taɓa ba za ta ci gaba da buga lambarta kamar yadda aka koya mata. Fiƙihu ya raba biyan diyya da zunubi: diyya sai an yi asara, zunubin sakaci kuwa ba ya jiran tanki ya gaza. Saboda haka wanda ke riƙe da gini irin wannan, ko shugaba ne ko injiniya, ya sa a tayar da ƙararrawa da gangan a daren da ba a sanar da mai jiran kira ba, ya ga wayar wa ta yi ƙara, bayan minti nawa, wa ya amsa, ya kuma maimaita duk lokacin da aka sauya layi ko ma'aikaci. Wanda bai yi haka ba mai sakaci ne tun yau, ko da bai taɓa asarar ko kwalba ɗaya ba.